Makarar Wasa

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin rahama. Na san ba karantawa za ka yi ba. Da ranka ma ba ka karanta saƙona, sai dai ka kira ka ce in faɗa da baki.

Gida lafiya. Inna ta koma girki, amma har yanzu da rabonka take auna shinkafa. Rumfarka ta albasa a kasuwar Ose, Kawu Isa ke zama. Ruwa kuwa ana ta yi irin na Anacha.

Da Babbar Sallah ƙungiyarmu za ta yi wasan kwaikwayon nan da aka ɗage saboda rasuwarka. Ni ce dai ke kula da dandali, mabuɗin ɗakin kaya yana hannuna. Takubban kwali sun sha danshi sun lanƙwashe, na yanka wasu. Gemun auduga ɓera ya ci rabi. Jini kuwa zoɓo na dafa da sitaci yadda ka koya min, sai dai 'yan wasan nan marasa ta-ido lashewa suke yi.

Saura makara. Ka tuna faɗan da muka yi a kanta? Na ce maka ta wasa nake so, marar nauyi, a ɗora mata filo a madadin gawa a rufa da zane. Ka tafi ka samo gora mai kauri, ka ɗaure da igiyar buhu, ka bi da ƙusa. Ƙarti huɗu sai sun yi nishi suke ɗaga ta. Na ce kai dai ba ka san bambancin wasa da gaske ba. Ka yi dariya ka ce ba ka iya aikin ƙarya ba.

Ga abin da ba ka sani ba. Ranar da ka cika, makarar masallaci tana Asaba, ƙetaren kogi, an kai ta wata jana'iza tun safe, gada kuma ta cushe. An yi maka wanka, an yi sutura, rana tana ɗagawa, Liman ya ce ba a ajiye gawa ana jiran mota. Sai ga Kawu Isa a ƙofar ɗakin da muke zaune, ya kasa kallona, yana tambayar mabuɗi. Na kwance daga bakin zanena na miƙa masa. Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da ya faɗo min a rai shi ne ko za su tuna su cire filon.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, daga bakin ƙofa na ga fitarka. Ga fentin da na shafa wa makarar don ta yi kamar tsohuwa. Ko ƙara ba ta yi ba. Da ka bi tawa, Yaya, a me za a ɗauke ka? Kai ne da gaskiya. Ban taɓa faɗa maka haka a kan komai ba, to ga shi na faɗa.

Da aka dawo da ita, 'yan wasa suka ce ba mai taɓawa. Malam Bala, mai shirya wasan, ya ce a cire fitowar jana'izar baki ɗaya. Na ce ba za ta saɓu ba, da ita wasan ke ƙarewa. Liman kuma ya roƙa a bar wa masallaci taka, ya ce sadaka ce mai gudana. Na bayar. Ta riga ta ɗauki wasu bayanka.

Sai na zauna na haɗa wata da hannuna, da kwalin taliya da siraran sanduna, na manna da sitaci. Daga nesa sai ka rantse ta gaske ce. Inna ta ce za ta zo kallo, zan ajiye mata kujera kusa da ƙofa ko za ta so fita.

Malam Bala ya latsa sabuwar, ya ce in ƙara mata ƙarfi kada ta karye a dandali. Na ƙi. Da ka gan ta da ka ce aikin ƙarya ne, kuma haka ne. Ko mage ba za ta ɗauka ba. Da gangan na yi, Yaya. Duk wanda ya sake zuwa neman mabuɗi, ba abin da zai samu a ɗakin nan.

Ina kewarka ba kaɗan ba. Allah ya jiƙanka, ya kyautata namu zuwan.

Ƙanwarka mai faɗa,
Hadiza