Ƙugin Lasifika da Muryar Yaya

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali, ya Fatakwal? Mu nan Ƙanƙara lafiya lau.

Rikoda da lasifika sun iso, amma wayoyin nan biyu sun ruɗa ni. Mai baki ɗaya tana shiga, sai dai ƙugi. Mai gyaran rediyo a Faskari ya ce mai baki uku ke kashe ƙugi, ni kuwa ban ga raminta ba.

Da Baba ya ji kaset ɗin muryarka cikin ƙugin, ya ce, "Sani ba shi da lafiya, ɓoye mani kuke." Na rantse masa laifin wayar lasifika ne, ya ture tuwonsa. Yanzu ni ma na fara shakka.

Don Allah rubuto: wacce zan sa? Kuma ƙirjinka lafiya?

A sa mu addu'a. Gaida yara.

Ƙanenka, Lawal