Sandar Fatsar Baba

Othaya, 3 ga Maris

Yaya Githinji,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Ya zafin Mombasa? Mu nan sai godiya, sai dai idon Baba ya kusa rufewa gaba ɗaya. Kullum zancensa ɗaya: ka zo ka kai shi kogin Gura kafin damina ta ɗaga ruwa, ya kama kifin bakan-gizo ko sau ɗaya, sannan ya miƙa maka sandar fatsarsa kamar yadda Kaka ya miƙa masa.

Ka tuna muna yara? Kai ke riƙe sanda, ni kuwa 'yar ɗaukar kwanon masara da wake. Har yanzu yana nanata dokokinsa: a bi kogi ta ƙasa a haura, domin kifin gaba yake kallo, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, a danne haƙorin ƙugiya, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin da za a saki, don busasshen hannu kashe shi yake yi. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Nyokabi

Othaya, 24 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, saƙonka ya iso cewa aiki ya riƙe ka. Hadari ya fara haɗuwa, shi ya sa ni na kai Baba kogin, ina riƙe da hannunsa ta cikin gonakin shayi.

Ƙarar ruwan ta ruɗa shi, ya riƙa kirana da sunanka. Ban gyara masa ba, ban kuma yi magana ba. Da ƙudan ƙarya da ya haɗa a jikin ƙugiya da gashin zakara tun yana gani ya kama wani ƙaton kifi, jan zanen gefensa yana ƙyalli. Na durƙusa zan cire ƙugiya, sai ya laluba ya kama hannuna, ya ji shi sharkaf.

“Githinji bai taɓa tuna jiƙa hannu ba,” in ji shi. “Ashe ke ce kike saurarona duk shekarun nan.”

Muka saki kifin tare. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba. A hanyar gida ya ɗora min sandar a kafaɗa, bai sake karɓa ba.

Kada ka ji haushi, Yaya. Har yanzu in mota ta tsaya a bakin hanya, sai ya ɗaga kai ya ji ko kai ne.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nyokabi