Zalɓen Da Ya Kusa Raba Jesse Da Aikinsa

Nassarawa GRA, Kano.

Zuwa ga ɗana Muhammad Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya tsare mana kai a kan hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har tana zuwa islamiyya da kanta. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Labarin ne ya fi ƙarfin waya, kuma ban yi zaman benci a ajin yamma da furfurata don in bar biro ya bushe ba.

Maganar 'yarka Luba ce, wato amaryata mai raina ni. Ka san tafkin kifin ado da Hajiya ta gina a bayan gidan da nake aikin lambu. To, tun bayan sallah kifayen suka riƙa raguwa. Da aka zauna bincike sai ido ya koma kan Jesse maigadi, mutumin Kafanchan ɗin nan da yake ba ka ruwan sanyi in ka zo. Dalili kuwa, ranar Juma'a dukanmu muke tafiya masallaci mu bar masa gidan, kamar yadda muke riƙe masa ƙofa ranar Lahadi ya je coci. Shi kaɗai ne ake bari a gidan ba kowa. Auwalu direba ya duba abin da kyamarar bayan gida ta ɗauka, yana tura shi da gudu, ya ce bai ga mutum ba. Amma ita kyamarar, ƙofar kicin take kallo, tafkin a ɗan lungun hoton kawai ya fito, sai aka ce ai wanda ya san gida ya san inda zai raɓe. Hajiya ta ce ƙarshen wata Jesse ya nemi wani wurin. Bawan Allah ya daina cin abinci tare da mu.

Da Luba ta zo hutu daga jami'a na ba ta labari, ta ce in roƙar mata izini ta gani. Da Hajiya ta yarda, Luba ta kwashe bidiyon makonni a kwamfutarta, muka zauna ƙarƙashin mangwaro. Na zaci kallo za mu yi, sai na ga ta buɗe wani baƙin allo, babu hoto ko ɗaya, tana rubuta masa umarni layi-layi. Na ce mata wannan ai allon makarantarmu ne, alli kawai ya rage. Ta yi dariya ta ce in yi shiru in koyi karatu. Ta bayyana mini cewa bidiyo hotuna ne jere da juna, ita kuma ta umarci kwamfutar ta riƙa gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi. Abin da bai motsa ba ya zama baƙi, abin da ya motsa ya fito fari, sannan ta ware wuraren da farin ya yi yawa ta rubuta lokacinsu.

Gwajin farko bai yi ba. Iska tana kaɗa ganye, ruwa yana rawa, kwamfutar ta ce ko'ina motsi ne. Na ce shi ke nan aikin ya lalace, amma yarinyar nan ko a jikinta. Ta yanke hoton ya rage bakin tafkin kaɗai, ta gaya wa na'urar ta ƙyale ƙananan motsi, ta sake saki. Kafin la'asar bidiyon makonni ya koma ɗan guntu. Yawancinsa ni ne da bokitina, har ta ce ga ɓarawon nan ta kama, mijin da ba ya kawo cefane. Can sai ga wani farin abu ya faɗo daga sama. Ta koma ainihin hoton, sai ga zalɓe, dogo, ya sauka bakin ruwa ya tsaya ƙyam kamar sanda. Shi ya sa Auwalu ya wuce shi, mutum yake nema. Ya daɗe a haka, sannan ya kai sara ya haɗiye kifi ya tashi. Duk saukarsa ranar Juma'a ce da azahar, lokacin da lambun ya yi tsit, Jesse kuma yana can bakin ƙofa inda aka ajiye shi.

Sani, da ka ga 'yarka a falon Hajiya tana bayani a natse, mayafinta a kafaɗa, manya suna sauraronta. Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa ina share ido da hula. Hajiya, Allah ya saka mata, ta sa aka tara mu duka, ta nemi gafarar Jesse a gaban kowa. Shi kuma ya ce barin aikin bai dame shi ba kamar a ce ya ci amanar masu salla. Ashe har ya ɗaure kayansa. Da hannuna na taya shi kwancewa, da yamma kuma ya sa hannu a kwanonmu. Tafkin yanzu an rufe shi da raga.

Ka gaishe mini da Safiya da Al-Amin da ƙaramin mai sunana. Mahaifiyarka tana gaishe ku, haka baffanka na Tudun Murtala. Jesse ya ce in gaya maka, duk ranar da aka tashi auren Luba, shi ne mai tsaron ƙofa, kuma a cikin dangin uba za a lissafa shi. Na ce masa na ji, amma sai na sake ta tukuna.

Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinka,
Malam Mahmudu mai lambu.