Tabarau

Litinin, 3 ga Maris
Horon shirin annoba aka tura mu, kwana biyar. Wanda bai ci gwajin Juma'a ba, babu shi a rukunin gaggawa. Shekara ashirin da shida ina aikin jinya, wai ni za a koya wa cire safar hannu! Kuma mai koyarwar yarinyar nan ce da na nuna wa yadda ake neman jijiya. Yanzu Malama Ƙa'ida ake ce mata. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba.

Talata, 4
Sau tara na sa rigar kariya na cire, gumi har cikin takalmi. Sai cewa take, a hankali Anti. Na ce lokacin amai da gudawa na bara waccan, wa ya kwashe marasa lafiya arba'in?

Laraba, 5
Ta barbaɗa mana wata hoda a safar hannu, wai ita ce cutar, ba a ganinta sai da shuɗiyar fitila. Muka yi aikin, muka tuɓe, ta rufe labule ta bi mu tana haskawa. Hannuna fes. Har na buɗe baki zan yi magana, sai ta ɗaga fitilar zuwa fuskata. Tabarau ɗina duk ƙyalli, har karan hanci.
"Anti, sau shida kika tura shi sama da yatsa. Na ƙirga."
Na ce zamewa yake, laifin gumi ne. Direban motar asibiti har da dariya. Zai gane kurensa.

Alhamis, 6
Ban je da safe ba. Su cire ni mana, ai annoba ba ta tambayar takarda.
Ina zaune 'yar jikata ta hau cinyata, ta fizge tabarau kamar kullum, ta kai baki. Na ƙwace da ƙarfi har ta yi kuka. Uwarta ta ce, Mama lafiya? Tsoro ne ya kama ni. Bara waccan ma daga ɗakin masu amai nake dawowa in ɗauki yayan jikar nan tawa.
Na je horon rana.

Juma'a, 7
Na ɗaure tabarau da roba ta ƙeya. Muni kam akwai, direba ya samu abin faɗa. Da aka haska, babu ko ɗigo. Sunana na cikin rukuni, dama ina za su kai ni?
Yarinyar dai har yanzu ta cika iyayi. Na ce ta ara mini fitilar ranar Litinin, akwai mutum uku masu tabarau a sashenmu.