Ƙanwata ce ta gane lissafin, amma ni ake yabo a gida

Anti, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ba irin wanda ake faɗa wa aboki ba ne, dariya zai yi min, a gida kuwa ba dama, don su ma suna cikin maganar.

Ina shekarar farko a jami'a, ina karanta ilimin kwamfuta. Ban shiga da wuri ba. Bayan sakandare na yi 'yan shekaru a shagon wani mai gyaran kwamfuta, a can na koya wa kaina rubuta manhaja. Har na yi wa wani kantin magani wata manhaja da ke nuna musu maganin da ya kusa lalacewa, kuma da ita suke aiki har yau. Tun lokacin kowa a gidanmu Injiniya yake kirana, har Baba da ba ya cika yabon mutum. Ko rimot ne ya ƙi aiki sai a ce a jira Injiniya.

Shekarar da na samu gurbi ita ma autarmu ta samu, sashe ɗaya, aji ɗaya. Auta yarinya ce mai sanyi. Tana firamare ni nake zaunar da ita ina koya mata lissafi, in yi mata tsawa har ta yi kuka. Ranar da za mu fara, Mama ta ja ni gefe ta ce in riƙe hannun yarinyar nan, kada karatun ya fi ƙarfinta.

To akwai wani darasi da muke kira Diskirit. Lissafi ne, amma ba irin wanda na sani ba, da za a ba ka lambobi ka fitar da amsa. Shi sau da yawa an riga an faɗa maka amsar, abin da ake so ka kafa hujja cewa gaskiya ce, mataki bayan mataki, da kalmomi. Aikin gida na farko aka ce mu nuna cewa idan aka tara lambobi daga ɗaya zuwa kowace lamba, jimillar za ta yi daidai da lambar sau wadda ke bi mata, a raba biyu. Na ce wannan ai wasa ne. Na rubuta 'yar manhaja ta gwada min har miliyan, duk ya yi daidai, na buga na miƙa. Malamar ta dawo min da takardar ba maki ko ɗaya, ta rubuta da jan biro cewa miliyan ba duka ba ne, me na sani game da lambar da ke bayanta? Auta rabin shafi ta rubuta da hannu, ta cinye makin gaba ɗaya.

Da aka yi gwaji na tsakiyar zango na faɗi, ita kuma tana cikin na sama-sama. Da muka dawo gida Mama ta tambaya, kafin in buɗe baki Auta ta ce an yi nasara, ai Yaya ne yake koya mata. Baba ya ce dama ya sani. Ni kuma ban ƙaryata ta ba, Anti, kuma cikin ƙaryar nan nake har yanzu. Da yamma idan mun zauna a teburin falo, Mama kashe talabijin take yi, ta ce Injiniya yana koya wa Auta karatu. Gaskiyar kuwa ita tana can ƙarshen tebur tana cika takarda, ni ina nan ina kallon allon kwamfuta. Sau ɗaya ta turo min takardarta a hankali, na ce mata na riga na yi nawa. Ban yi ba.

Abin da ya sa na rubuto ya faru makon jiya. Na iske ta a kan benci a bakin ɗakin lacca, 'yan ajinmu sun kewaye ta. Tana yi musu bayanin wani abu da na yi makonni ina faɗa da shi, wato maganar da ta fara da "idan", yaushe ne take zama ƙarya. Ta ce su ɗauka uba ya ce wa ɗansa idan ya ci jarrabawa zai saya masa keke. In yaron ya faɗi, a saya ko kada a saya, uban bai karya alkawari ba. Sai in ya ci aka hana shi, nan kaɗai maganar ta zama ƙarya. Ina bayan ginshiƙi ina yi kamar ina duba waya, nan take na gane. Maimakon in ji daɗi sai na ji haushi. A mota har muka iso gida ban yi mata magana ba, ita kuma ba ta san laifinta ba.

Jarrabawa saura kamar wata guda. Wanda ya faɗi darasin nan ba zai ɗauki wasu darussan shekara ta biyu ba, ke nan Auta za ta wuce ta bar ni. Maigidana na shago ya ce in dawo, shi bai taɓa ganin wanda ya zo gyara ya nemi hujja ba. Wani lokaci sai in ji ya yi gaskiya, tunda manhajata tana aiki. In bar karatun in ce bai dace da ni ba? Ko in nemi mai koya min a ɓoye? Ina son ƙanwata, Allah ya sani, amma na kasa buɗe baki in ce ta koya min.

Daga wani Yaya

Ɗana, na gode da ka rubuto, kuma na yaba da ba ka yi wa kanka kwalliya a wasiƙar ba.

Bari in fara da lissafin, shi ne mai sauƙin. Ni ba fannina ba ne, don haka na tambayi wata ƙawata da ke koyar da shi. Ta ce irinka tana ganinsu kowace shekara, kuma waɗanda suka riga suka iya rubuta manhaja su suka fi shan wuya da farko, domin sun saba na'ura ta gaya musu daidai ne ko ba daidai ba. A nan kai ne za ka gaya wa kanka. Ta ce malamarka ba mugunta ta yi maka ba. Manhajarka ta kantin magani tana aiki a kan abin da ta gamu da shi zuwa yau, darasin kuma yana koya maka yadda za ka tabbatar da ita a kan abin da bai zo ba tukuna. Maigidanka ya yi gaskiya gwargwadon shagonsa, ana iya cin abinci ba tare da wannan ilimin ba. Amma kai da ƙafarka ka bar shagon don kana son abin da ya wuce shi.

Kuma wanda ya gane bayani daga bayan ginshiƙi, yana riƙe da waya, kansa lafiya lau yake.

Yanzu maganar gida. Na fahimci zafin. Shekaru ana kiranka da suna mai nauyi, ga Mama ta ɗora maka amana, sai abin ya juye. Ba wanda zai ji daɗin haka. Amma ka dubi ɓangaren Auta. Karon farko ke nan a rayuwarta da ta yi fice, ta ɗauki yabon ta miƙa maka don kada ka ji kunya, kai kuma ka saka mata da gaba a mota. Ƙaryar da ta yi don ƙauna ta yi ta, amma ita take biyan kuɗinta kullum, kuma kai kaɗai za ka iya sauke mata.

Ga abin da nake so ka yi. Ka same ta ku biyu, ba a falo ba, ka ba ta haƙuri, ka ce ba ka gane darasin ba kuma kana so ta koya maka. Gajeriyar magana ce, kada ka yi mata lacca. Sannan ka gaya wa Mama da Baba da bakinka, tana wurin, cewa ita ce gwanar. Za su yi mamaki na kwana biyu, daga nan su koma alfahari da 'ya'ya biyu maimakon ɗaya. Mai koyarwa na ɓoye ba laifi ba ne, amma zai gyara maka takarda ne kawai, gidan yana nan yadda yake.

A wata gudan nan ka rufe kwamfuta lokacin wannan darasin. Ka ɗauki biro, ka rubuta hujja ko da ta karkace, ka karanta wa Auta da ƙarfi, ta tsayar da kai duk inda ka yi tsalle. Idan ta gyara ka, ka haɗiye. Ka kuma je ofishin malamar da takardar da ta hana ka maki, ka roƙe ta ta nuna maka inda ya kamata ka fara. Kada ka cinye wa Auta lokacinta gaba ɗaya, ita ma jarrabawar ke gabanta, kuma a darasin rubuta manhaja kai za ka iya rama mata alherin.

Ba zan yi maka alkawarin za ka ci ba. In ka faɗi, ka maimaita, ba kai ne na farko ba. Barin karatu kuwa, in har za ka yi, ka bari sai bayan jarrabawa, ranar da zuciyarka ta huce, don kada ka yanke hukuncin shekaru saboda kunyar zango ɗaya.

Allah ya buɗe maka basira, ya ba ku nasara ku biyun, ya bar zumunci a tsakaninku. Ka gaishe min da Auta.