Karen da ya kai Malam masallaci

Zuwa ga Yaya Habu a Damagaram,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina Inna da ƙafarta? Ina su Hajiya da yara? Kaset ɗinku ya iso Lyon, mun ji muryar kowa.

Yaya, idon maigidana Malam bai dawo ba. Mutumin da yake shiga jirgi zuwa Paris saro atamfa a Château Rouge, wata bakwai yana zaune a ɗaki, ni kuma ina wurin aiki. Da likita ta kawo maganar karen jagora na ji kamar ta zage mu. Sai limaminmu ya ce lalura ce, kamar karen kiwo.

Iri biyu aka nuna mana. Na farko irin na jandarma ne, Malam ya ce ba zai riƙa firgita baƙinsa ba, ga ɗakinmu ƙarami. Na biyu labarado suke ce masa, ja, mai sanyin hali. Malam ya shimfiɗa darduma ya yi raka'a biyu. Karen ya kwanta can gefe, bai gitta ba har ya sallame. Malam ya ce, "Hadiza, wannan ya san haddi."

Na san dangi za su ce mun zama Nasara. Ka gaya masu wata bakwai ana yi mana Allah ya sawwaƙe, ba wanda ya kama masa sanda. Juma'ar nan kare ne ya kai shi ƙofar masallaci, ya jira shi a waje.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza