Ranar da Kunkuru Ya Amsa Wayar Shugabar Makaranta

Baba mai Filin Shawara, bayan gaisuwa da girmamawa, don Allah a agaza mini kafin in tsinci kaina a bayan kantar shago ina auna fenti.

Ni mai wasan 'yar tsana ne. Ina da wani kunkuru na tsumma da nake zura wa hannu ina yi masa murya, yara su yi ta dariya har su zamo daga kujera. Na daɗe a wata ƙungiyar wasa, inda manaja ke amsa waya, ya nemo mota, ya je ya duba wuri, ni nawa in ɗauko Kunkuru in hau dandamali. Bara na ɓalle na tsaya da ƙafata, a zatona tunda ni ake wa tafi, ni ne sana'ar.

Ashe da sauran aiki. Na taɓa zuwa wani ɗakin taro akwatin wasana ya ƙi shiga ƙofa, sai a baranda muka yi, rana na dukan yara. Wani wurin babu inda zan jona lasifika. Har gida biyu na taɓa amsa wa a rana ɗaya, don nauyin baki. Amma abin da ya hana ni sukuni na makon jiya ne. Na saba amsa waya da muryar Kunkuru, abokai na jin daɗi, ni kuma na ɗauka talla ce. Baƙuwar lamba ta shigo, Kunkuru ya ɗaga, ya tambayi mai kira ko ta goge haƙoranta yau. Ashe shugabar wata makaranta ce, tana neman mai yi wa ɗalibanta wasa tsawon zangon karatu. Ta kashe wayarta. Da ƙyar mai ɗakina ta ba ta haƙuri, ta yarda in je ofishinta ranar Litinin.

Yayana ya ce in wannan ta suɓuce, in ajiye tsumma in zo in tsare masa shagon fenti, kuma na riga na amsa. Mai ɗakina kuwa cewa take Kunkuru ya fi ni hankali, tunda shi ba ya magana sai an sa shi. Baba, in tafi da shi ko in bar shi a gida? Ni in ba ya hannuna, bakina rawa yake yi.

Uban Kunkuru

Ɗana, na karanta wasiƙarka, na yi dariya, sa'an nan na tausaya maka. Baiwa kana da ita, ita ce ma ta sa shugabar ta neme ka. Sai dai rabin sana'ar ka baro wurin manajan nan. Masu magana sun ce kunkuru na son dambe, ba shi da yatsa. Kai naka yatsun koyo kawai suke jira.

Ka tafi da Kunkuru, amma a cikin jaka, kada ya leƙo sai an nemi ganinsa. Shugabar ba dariya take nema ranar Litinin ba, so take ta ga mutumin da za ta damƙa wa 'ya'yan jama'a. Ka isa da wuri, ka ba da haƙuri a taƙaice da muryarka ta ainihi. In baki ya soma rawa, ka yi tambaya: shekarun yaran, tsawon wasan, wanda za ka kira in an sami matsala. Ka roƙi a nuna maka ɗakin, ka auna ƙofar. Abin da kuka daidaita a kai, har da ladanka, a rubuta kowa ya sa hannu.

Kada ka ɗauki Yayanka maƙiyi. Mai shago ya san yadda ake cewa a'a ba tare da an kori mai saye ba, ka zauna kusa da shi ka koya. Wayar aiki kuwa, ka roƙi mai ɗakinka ta riƙe, da kason da ya dace da ita, tunda ita ta ɗinke abin da Kunkuru ya ɓarke.

Daga ƙarshe, ina roƙon Yaya ya yi haƙuri har ƙarshen zango, abokai su daina kira don jin murya, Kunkuru kuma ya ba da haɗin kai ya yi shiru. Allah ya ba da sa'a.